Ganga A Cikin Mota

Duk wanda ya zauna a bakin hanya a Jega da la'asar sakaliya, wajen da hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri su ke haɗuwa, ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. Tun mota ba ta ɓullo ba za ka ji ƙasa tana rawa, ƙirjinka yana amsawa kamar an buga tambari. In ta iso, sai ka ga ashe 'yar ƙaramar mota ce, mai ita ya cika bayanta da akwatin kiɗa. A da wannan al'adar samarin manyan birane ce, amma yanzu ta game Jega da Aliero da Maiyama, har ta fara shiga cikin malaman makaranta da malaman ofis. Don haka mu ka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu.

Da farko dai a sani ba mu ƙi rediyo a mota ba. Tun shekara ta 1930, da wani kamfani na Amurka ya fara sayar da rediyon mota mai suna Motorola, matafiya su ka sami abokin hira. Mu nan Arewa kuwa mun saba da sauraro tun zamanin En'e, lokacin da a ke kafa akwatin rediyo mai waya a ƙofar fada da kasuwa. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Direban da ya ɗauko albasa daga Aliero zai kai Kudu, ya kwana yana tuƙi, karatu ko labarai ko waƙa su ne ke hana shi gyangyaɗi.

Har wa yau akwai dalilai na gaskiya da za su sa mutum ya sake kayan sautin motarsa. Yawancin motocin da mu ke hawa na hannu ne, sun sha shekaru a ƙasashen Turawa kafin su iso gare mu. Lasifikokin da ke cikin ƙofofinsu na takarda ne mai kauri, gefensu na soso. Zafin bazara, wanda a ƙasarmu ya kan haura ma'auni 40, da ƙurar hunturu su kan cinye soson, sai murya ta riƙa fita kamar ta mai mura. Kuma rediyon motar da aka yi don Amurka ya kan tsallake waɗansu tashoshi, domin tazarar da ya ke bi wajen kamun tasha ba irin tamu ba ce. Wanda ya gyara waɗannan bai yi almubazzaranci ba.

To, amma yawancin masu saye ba su san abin da su ke saye ba, don haka bari mu bayyana shi a taƙaice. Kayan kashi uku ne. Akwai lasifika, ita ce ke mai da wutar lantarki ta zama sauti. Akwai amfilifaya, ita ce ke ƙara wa wutar ƙarfi kafin ta kai ga lasifika. Sa'an nan akwai wufa, watau babbar lasifikar nan ta cikin akwati, wadda aikinta kawai fitar da amo mai kauri irin na ganga. Kunnen mutum yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda. Wufa ba ta ɗaukar kome sai na ƙasa ƙasa, daga wajen 80 zuwa abin da ya yi ƙasa. Muryar mai karanta labarai, da ta mai wa'azi, da ta mawaƙi, duk suna sama da haka. Ashe ke nan wanda ya ce ya sayi wufa don ya ji magana sosai, ya tafi kasuwa neman gero ya komo da tukunya.

Saboda haka hanyar hankali ita ce a fara da lasifikokin ƙofofin gaba, a sa masu kyau, a ɗaure su tam, a liƙe ƙarfen ƙofar don kada ya riƙa karkarwa. Mutum goma da su ka yi haka, yawancinsu ba za su nemi ƙari ba. Rediyon da mota ta zo da shi ya kan ba kowace lasifika abin da bai wuce wat 15 zuwa 20 ba, wannan kuwa ya ishi ɗaki ƙarami irin cikin mota. Kada kuma a ruɗu da lambobin da a ke bugawa a jikin kwali. Za ka ga an rubuta wat 3,000 a kan abin da bai kai faɗin littafin rajista ba. Lambar da za a duba ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai. Sauran kirari ne na mai talla.

Wanda ya nace sai ya sa amfilifaya, to, ga lissafin da kowane malamin aji zai iya yi a kan allo. Wutar mota, in inji yana aiki, wajen bolt 14 ce. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, in an ƙure ta, za ta ja abin da ya kai amfiya 45, domin wani kashi na wutar zafi ya ke zama. Altaneta kuwa, watau injin da ke cajin batir, a ƙananan motoci ba ta cika wuce amfiya 70 zuwa 100 ba, kuma daga ciki fitilu da fanka da na'urar sanyi da injin kansa ke sha. Shi ya sa za ka ga fitilar mota tana lumshewa duk sa'ad da gangar ta buga. Fitilar da ke lumshewa a kan hanyar Maiyama zuwa Koko da dare, inda a ke gamuwa da shanu da amalanke da manyan motoci, ba abin wasa ba ce.

Babban haɗarin yana ga waya. Wayar da ta tashi daga batir zuwa bayan mota dole ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda a ke sayarwa da araha, cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi, tana kuwa saurin zafi. Dole kuma a sa fis kusa da batir, kada ya wuce inci 18 daga kansa, a kuma sa roba a hujin da wayar za ta ratsa jikin mota. In babu waɗannan, ranar da ƙarfe ya yanke rigar wayar, wuta ce za ta tashi. Mun ga wannan da idonmu. Wani ƙaramin malami da mu ka horas, ya ci bashi ya sayi mota, ya kai ta wurin wani mai wayarin da ya haɗa masa kayan ba fis. Bai yi wata biyu ba hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera, da iyalinsa a ciki. Allah ya kiyaye rayuka, amma shekara guda ya yi yana biyan bashin motar da ba ya hawa. Araha ba ta ado.

Wannan duk hasarar dukiya ce, ana iya mayarwa. Hasarar da ba ta da mayarwa ita ce ta kunne. A can cikin kunnen mutum akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu gashi, wajen 16,000 a kowane kunne, su ne ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya jure ƙara mai desibel 80 har awa 40 a mako. Duk sa'ad da aka ƙara desibel 3, lokacin ya kan ragu da rabi. Watau a 95, awa 1 da minti 15 ne rak a mako guda. Motar da aka rufe gilasanta aka ƙure amfilifaya tana iya wuce 100. A 2015 Hukumar ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da miliyan 1,000 a duniya suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro.

Nan ne maganar ta shafe mu, mu ma'aikatan ilmi. Akwatin yana bayan kujerar baya, kujerar baya kuwa ita ce wurin yara. Uba yana gaba yana jin daɗi, 'ya'yansa sun jingina da ganga. Ciwon ba ya zuwa da jini ko zazzaɓi, a hankali ya ke ci. Sai yaro ya zauna a aji, malami yana shifta, shi kuwa ba ya rarrabe "sa" da "tsa", ko "fa" da "ha", domin siraran sautuka su ne kan fara ɓacewa. A ce masa daƙiƙi, a yi ta dukansa, alhali laifin yana cikin motar ubansa.

Sa'an nan ga hakkin jama'a. Direban da bai ji odar motar da ke bayansa ba, bai ji jiniyar motar asibiti ba, bai ji ihun mai babur ba, rabin makaho ne. Jega garin kasuwa ne tun ƙarni na 19, ranar kasuwa kuwa ba a rarrabe hanyar mota da ta ƙafa. Aliero ga ɗalibai na jami'ar da aka kafa a 2006, ga kuma masu karaya da a ke kawowa daga nesa wurin mashahuran masu ɗorin garin, suna kwance suna neman barci. Amon wufa kuwa ya fi kowane sauti ratsa bango. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokokin hana yawan ƙara tun 2009, amma ba sai an jira doka ba. Ladabin da aka koya mana na sassauta murya a gaban masallaci da makaranta da gidan mara lafiya bai tsaya ga mai tafiya a ƙasa kaɗai ba.

Ga shawarwarinmu. Na ɗaya, duk ma'aikacin da kuɗi su ka shigo hannunsa ya fara duba taya da birki da fitila, in da saura ya waiwayi lasifika. Na biyu, in za a haɗa, a kai wa mai wayarin da ya san aiki, a tsaya a ga fis da ido. Na uku, makarantun koyon sana'a na Jihar Kebbi su sa wannan aiki cikin darasin lantarkin mota, domin samari su sami abin yi, jama'a kuma su sami gwanaye. Na huɗu, shugabannin direbobi a tashoshin Jega da Aliero da Maiyama su ja kunnen mutanensu, fasinja ma yana da hakkin ya ce a rage. Na biyar, malamai su lura da yaron da kullum sai an maimaita masa magana, a matso da shi gaba, a kuma shawarci iyayensa su kai shi asibiti a auna jinsa.

Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: in sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka, to, ƙarar ta yi yawa. Malami abin koyi ne a aji da waje, yadda ya shigo gari da motarsa haka almajiransa za su yi gobe. Magabata sun ce in ganga ta faye zaƙi ta kusa fashewa. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.