Gyaran sitiyari a Kwangila: aikin da ba a ganin aibunsa sai ranar hatsari

Kwangila mahaɗa ce. A nan hanyar Kaduna zuwa Kano ta gamu da wadda ta bi ta Samaru da Shika ta nufi Funtuwa da Sakkwato, shi ya sa motar da ta tashi daga ƙarƙashin gadar nan ba a cika sanin iyakar inda za ta kwana ba. Galibin fasinja idan zai shiga mota yakan duba taya, ya dubi fuskar direba, ya tambayi kuɗin mota. Da wuya ka ga wanda ya tambayi tarihin sitiyarin da rayukan mutum goma sha takwas za su rataya a kansa. A kan wannan sitiyari nake son mu yi nazari a wannan mako.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta yi canjin hannu, ta bar tuƙi ta hagun titi da ta gada daga Ingila ta koma dama, domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Dahomey, wato Benin ta yau. Tun daga ranar motar da ta dace da titinmu ita ce mai sitiyari a hagu, kuma dokokin hanya na ƙasa sun hana yi wa mai sitiyari a dama rajista. To amma Japan da Ingila har gobe ta hagu suke tuƙi, kuma tsofaffin motocinsu suna da araha. Sai ciniki ya samo wa kansa ƙofa: a shigo da mota, wani lokaci ma a yayyanke da sunan kayan gyara, a haɗa ta a gareji, a ɗauke sitiyari daga dama a dasa shi a hagu. Da yawa daga ƙananan Hijet da ke jigilar buhuna a kasuwanninmu ta wannan hanya suka zo.

Ban da juya sitiyari, akwai wani aikin da ake yi a kansa, wato ƙara masa tsawo. Direba mai dogayen ƙafafu yakan tura kujera baya, sai hannu ya kasa kaiwa. Mai larurar ƙafa ko ta baya yakan so a matso masa da shi. Buƙatu ne na gaskiya, kuma babu laifi a nemi biyan su. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yin aikin.

Sandar sitiyari ba sandar ƙarfe kawai ba ce. Tun wajen 1967 kamfanonin Amurka suka fara ƙera ta yadda za ta lanƙwashe ta shige cikin kanta idan an yi karo, saboda kafin nan ita ce ke soke ƙirjin direba. Duk mai waldar da ya yanke ta, ya jona mata guntun bututu ya ƙone da wuta, ya mayar da ita mashi. Idan kuma waldar ba ta kama ba, wata rana a kan gudu direba zai murza sitiyari ya ji yana juyawa shi kaɗai, tayoyi ba su amsa ba. Haka nan ƙarfen da ke ƙasa mai tura tayoyin gaba, na motar dama daban yake da na motar hagu. Mai son aiki na gaskiya sai ya sayi na hagu, ya canza bututun birki gaba ɗaya. Mai neman sauƙi kuwa jone-jone yake yi.

Ga kuma wayarin. A bayan sitiyarin motocin zamani akwai wata siririyar waya mai faɗi da aka naɗe kamar tabarma, wadda ke warwarewa tana naɗewa yayin da ake juya mota. Ita ke kai wuta ga hon da maɓallan sitiyari da jakar iskar da ke kare direba. Dole a daidaita ta a tsakiya, tayoyi na kallon gaba, kafin a mayar da sitiyari. In aka kuskure, ranar da aka murza har ƙarshe sai ta tsinke. Wayoyin jakar iska, waɗanda akasari ake yi wa alama da ruwan ɗorawa, ba a yi su don a feƙe a murɗa a naɗe da salatif ba, domin kwamfutar mota tana auna ƙarfin wutar da ke bi ta cikinsu, kuma ɗan canji kaɗan yana rikita ta. Idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, abin da wasu masu wayarin ke yi shi ne su cire ƙwan fitilar, ko su saka ɗan abin da zai yaudari kwamfutar. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Jakar da ke buɗewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ko dai ta ƙi buɗewa ranar buƙata, ko ta fashe babu dalili. Kuma masana sun shawarta a bar tazarar kimanin santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari, don haka wanda ya matso da shi fiye da kima ya jawo wa kansa wani haɗarin.

Akwai abubuwan da juya sitiyari ba ya gyarawa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Fitilun motar Japan an karkata haskensu zuwa hagu, wanda a can gefen titi ne, a nan kuwa idon mai tahowa ne. Ƙofar fasinja ta bas ɗin Japan tana hagu, wato tana buɗewa cikin titi, sai a ga tsohuwa da jikanta suna sauka a gaban tirela.

Ba na cikin masu ɗora wa kanikawa laifin duka. Mutumin da ya iya haɗa mota daga gutsattsari gwani ne, abin da ya rasa shi ne ma'auni da kayan aiki da mai duba aikinsa. Mai mota ma yana da nasa kason, domin shi ke cewa a yi masa na araha, ya manta araha ba ta ado. Hana aikin baki ɗaya kuma ba zai yi tasiri ba muddin talaka ba ya iya sayen sabuwar mota. Zai koma bayan gari ne kawai, inda babu mai gani.

Abin mamaki, Zariya ba ta rasa masu sani ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tana nan a hanyar Basawa tun 1986. Ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Me zai hana su haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA su shirya gajeren horo cikin harshen Hausa kan sitiyari da birki da wayarin jakar iska, a ba wanda ya ci takardar shaida? Sa'an nan jami'an duba lafiyar motoci da hukumar FRSC da KASTLEA su mayar da hankali ga abin da ke ƙarƙashin mota kamar yadda suke mayarwa ga takardu, musamman motar haya. Masu larura kuma, waɗanda dokar hana nuna musu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadar wa haƙƙin sufuri, sun cancanci gareji ko da guda ɗaya ne a wannan yanki, inda za a haɗa musu birki da totur na hannu bisa ƙa'ida.

Kafin hukumomi su motsa, mai karatu yana da abin yi. In za ka sayi mota, kunna makulli ka ga ko fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. In ba ta kama ko kaɗan ba, akwai magana. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila ka nemi tabon walda. Duba bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba ko akwai ramin da aka toshe a dama. In tsawo kake nema, fara gwada hannun da ke ƙarƙashin sitiyari, domin motoci da yawa an yi su yadda za a ja shi gaba ko a ɗaga shi ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Rai amana ce, kuma direban haya amanar mutane da yawa yake ɗauka. Tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.