Littafin Rajista da Amanar Masu Rediyon Sha'awa

A kusan kowace ƙasa akwai mutanen da hukuma ta ba lasisin yin magana da juna ta rediyo a gajeren zango, ba don kasuwanci ko watsa shirye-shirye ba, sai don sha'awa da gwaji. Kowannensu yana da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: 5N ta Nijeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Ghana, TJ kuma ta Kamaru. Tun 1925, lokacin da aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris, suke da ladubban da sabon shiga ke koya. Mutum zai fara saurare kafin ya yi magana, ya tambaya ko wani yana amfani da wurin, sannan ya yi kira. Idan aka amsa masa, sai ya rubuta abin da ya gudana a littafin rajista. Wannan al'ada ta ƙarshe ita ce ginshiƙin harkar, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a yau.

A littafin ana rubuta kwanan wata, da lokaci, da zangon da aka yi amfani da shi, da lambar kiran abokin magana, da rahoton yadda aka ji shi. Lokacin kuwa ba na agogon gida ba ne, na agogon duniya ne na UTC, domin wanda ke Legas da wanda ke Tokyo su rubuta sa'a ɗaya duk da tazarar sa'o'i takwas da ke tsakaninsu. Dalili shi ne ba a karɓar ikirarin mutum ɗaya. A da, sai ɓangarorin biyu sun aika wa juna katin shaida ta gidan waya. Daga 2003 ƙungiyar ARRL ta Amurka ta buɗe rumbu a intanet inda ake gwama rajistar mutum biyu. Idan suka dace, tuntuɓar ta tabbata. Da irin wannan shaida ake samun lambar yabo ta DXCC, wadda ake ba wanda ya tabbatar ya tuntuɓi ƙasashe ko yankuna 100.

Matsalar tana wajen rahoton ji. Ga masu amfani da alamomin Morse, rahoton lamba uku ne: fitar saƙo daga 1 zuwa 5, ƙarfinsa daga 1 zuwa 9, tsabtar sautinsa daga 1 zuwa 9. Ke nan 599 na nufin an ji mutum sarai. Amma a lokacin gasa, ko idan tasha daga ƙasar da ba a cika ji ba ta bayyana aka yi mata rubdugu, kusan kowa 599 yake bayarwa, har ga wanda sai da ya maimaita lambar kiransa sau uku aka gane shi. Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa gaggawa ce ta jawo, kuma kowa ya san lambar ta zama gaisuwa kawai. To, idan lamba ta zama gaisuwa, ta daina zama ma'auni, littafin da aka cika da ita kuma ya rasa rabin amfaninsa.

Nan ne darajar Morse take. Jiragen ruwa sun daina dogaro da shi wajen neman agaji a 1999, taron ƙungiyar sadarwa ta duniya na 2003 ya cire wajabcin iya shi kafin shiga gajeren zango, Amurka kuma ta soke jarrabawarsa a 2007. Duk da haka bai mutu ba. Mai koyonsa yana horar da kunnensa ya rarrabe gajeriyar ƙara da doguwa, wadda ta ninka ta sau uku, cikin hayaniya da shuuu ɗin iska. Wanda ya sha wannan wahala ya fi kowa sanin bambancin abin da ya ji da abin da ya yi zato. Saboda haka shi ne mafi ƙarancin uzuri idan ya rubuta 599 alhali ya san 339 ya ji.

Wasu tsofaffin hannu suna ɗora laifin lalacewar ladabi a kan kwamfuta, musamman tsarin FT8 da Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, inda na'ura ke musayar saƙo cikin daƙiƙa 15 ta kuma cika rajista da kanta. Zargin bai zauna daidai ba. Tsarin ya buɗe ƙofa ga mai ƙaramar eriya da ƙarancin wuta, domin yana tsinto saƙon da kunne ba zai ji ba. Bugu da ƙari, rahoton da yake bayarwa awo ne na gaske, ba ya yi wa kowa kara. Abin da ba ya iya yi shi ne koya wa mutum saurare da haƙuri.

Gaskiyar rajista tana da amfani da ya wuce lambar yabo. A husufin rana na 21 ga Agusta 2017 a Amurka, masu bincike sun yi amfani da bayanan tuntuɓar waɗannan tashoshi don nazarin yadda sararin sama ke sauya tafiyar saƙon rediyo. A shekarar ce kuma, bayan guguwar Maria ta katse hanyoyin sadarwa a Puerto Rico, masu rediyon sha'awa suka taimaka wajen isar da saƙonnin agaji. A irin wannan rana, kuskuren lamba ɗaya na iya kai magani garin da ba shi ake nufi ba.

Don haka ya kamata ƙungiyoyin da ke horar da sababbin shiga su mayar da rubuta rajista darasi na farko, su kuma riƙe Morse a matsayin makarantar kunne ko da doka ba ta tilasta shi ba. Wanda ya saba rubuta abin da ya ji kawai a ranar nishaɗi, shi za a iya dogara da shi ranar da layukan waya suka ɗauke.