Lissafin lakwal ba baƙo ba ne a kasuwa

Daga Tebaram har birnin Tawa, kukan iyaye ɗaya ne duk lokacin da jarrabawar BEPC ta gabato: lissafi ke kada yaranmu. Mun ji wata uwa tana cewa, ita dai ba ta ga abin da zanen alwatika zai ƙara ma tukunyarta ba. Hajiya, a yi haƙuri, ba mu yarda ba.

Ku dubi mai walda idan zai yi ma rumfa ƙarafan rufi. Yakan auna gefe uku na alwatikar farko, ya yanke sauran bisa wannan awo, kuma duka su fito daidai, ba sai ya ɗora wata kan wata ba. Abin da mushe ke koya ma yara ke nan a kolej: in gefe uku na wannan sun yi daidai da na waccan, alwatika biyun ɗaya ne. Haka ma in gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu suka yi daidai. Amma daidaiton kusurwa uku kaɗai bai isa ba, don ƙarama da babba suna iya yin kama. A nan yara da yawa ke zamewa.

Ɗige-ɗigen da ɗan lise ke zubawa a takarda kuwa, ai ku ne malamansu. A sa watanni a ƙasa, kuɗin tiyar hatsi a gefe, kowace ranar kasuwa ɗigo guda. Ɗigon ba su bin layi sak, amma ido na ganin inda suka nufa: ƙasa da kaka, sama daga bazara zuwa tsakiyar damina. Wadda ta sayi hatsi a Oktoba ta ajiye, wannan karatun ta yi. Sai dai nufin ɗigo ba alkawari ba ne. Duk ɗan Adar da ya ga 2005, bayan fari da fara na 2004, ya san shekara guda na iya tsallake duk wani layi.

To, me ke kada yaran? Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ba ce, lokaci ne. Yarinyar da ta sauke jakar lakwal ta ɗauki tiren talla har isha'i, yaushe za ta zauna ta yi awo? Mun san ribar tallan nan ita ke sayen cefane, ba mu raina ta ba. Roƙonmu awa guda ne bayan magariba, da fitila, da abin jan layi. In ta gama, ku ba ta farashin hatsi na watanni shida da suka wuce, ta zana muku.