Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Jama'a, wai me ya sa ma'aikatunmu ke damƙa wa baƙo makullin ɗakin wasiƙunsu, sannan su riƙa biyansa haya da dala?

Da shugabannin ofisoshi nake, daga Gusau har Talata Mafara, masu ganin in ba Microsoft Exchange ba, to babu imel, babu kalandar taro. Haba! Imel fa yana da ƙa'idoji na kowa da kowa: SMTP ke kai wasiƙa, IMAP ke ɗauko ta, CalDAV kuwa tun 2007 yake haɗa kalandar ma'aikata. Babu kamfanin da ya mallake su. Ma'aikatar da ta ɗora aikinta a kansu, ranar da mai yi mata hidima ya tsawwala, sai ta kwashi kayanta ta koma gaba.

Mu ma'abota adabi ai mun ga aya. A zaurukan Yahoo aka shekara ana tafka muhawara kan littattafai da finafinan Hausa. Ran 15 ga Disamba, 2020, kamfanin ya rufe su ruf. Wanda bai kwashe nasa ba, shi ke nan. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ga kuma kuɗi. Dalar da take wajen N460 a farkon 2023 ta haura N1,500 a 2024. Lasisin bai ƙara komai ba, amma nauyinsa a naira ya ninka sau uku. Sannan a Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Exchange 2016 da 2019: ko ka sake zuba kuɗi, ko ka zauna da ƙofa ba sakata.

Za a ce ba wuta, ba gwanaye. To me Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara take yaye wa ɗalibai? A ba yaranmu aikin mana, albashin ya tsaya a gida! Ku tuna Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara. Mutumin Jangebe ko Bakura ko Maradun bai da hanyar taɓa wasiƙar da ke ajiye a ƙetare, alhali babbar kwamfutar da ke cikin harabar ofis za ta ci gaba da raba saƙo tsakanin ma'aikata, in dai akwai wutar sola.

Kuma ba mafarki ba ne. A 2025 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta kwashe akwatunan imel sama da 40,000 daga Exchange zuwa Open-Xchange da Thunderbird. Sun sha tangarɗa a hanya, amma sun kammala. In masu kuɗin biya sun guje wa haya, mu me muke jira?

Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu a kwangila ta gaba, yi wa ɗan kwangilar tambaya ɗaya tak: in na so tashi, zan fita da wasiƙuna da kalandata cif-cif? In ya fara kame-kame, mayar da alƙalaminka aljihu.

Allah Ya sa a gyara, amin.