Faifan kwamfuta ba ya daɗewa kamar kundin rajista

A Gidan Sori, kamar sauran ƙananan hukumomin Gidan Rumji, Agiye da Gazawa a jihar Maraɗi, takardar haihuwa ita ce ƙofar shiga jarrabawa da samun katin ɗan ƙasa. Yanzu kwamfuta na ƙara shiga ma'aikatun magajin gari, makarantu da asibitocin karkara, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa abin da aka zuba a cikinta ya tsira ke nan har abada. Wannan zato yana da haɗari, domin faifan ajiya na kwamfuta yana da wa'adi, wa'adin kuma gajere ne.

A cikin faifan akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata allura mai karatu da ke shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Duk abin da ke juyawa haka dole ya gaji. A 2013 kamfanin Backblaze na Amurka ya bibiyi faifai kusan 25,000, ya gano cewa ɗaya cikin biyar ya mutu kafin ya wuce shekara huɗu, kuma bayan shekara uku ne mutuwar ke ƙaruwa sosai. Binciken Google na 2007, a kan faifai fiye da 100,000, ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka lalace ba su nuna wata alama ba kafin su lalace.

Waɗannan faifai a ɗakuna masu sanyi suka yi aiki, wuta ba ta yanke musu. A jihar Maraɗi kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan haura maki 40, hunturu ya zo da ƙura ta toshe fankar na'ura. Sai batun wuta: layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa ne ke ciyar da yankin, kuma kowa ya ɗanɗana duhun da ya biyo bayan yanke wutar Najeriya a Agustan 2023. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya ɓata bayanai nan take.

Ga shi kuma da yawa daga cikin kwamfutocin da ake saye a kasuwannin Maraɗi da Kano na gwanjo ne. Faifansu ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa kafin ya iso.

Manomin Gobir ba ya zuba gero duka a rumbu ɗaya ya kwanta barci. Haka ya kamata ofisoshi su yi. Kowane bayani ya kasance yana da kwafi biyu bayan na asali, ɗaya a ajiye shi a wani gini daban, misali a Gidan Rumji. A sa kuɗin sabon faifai a kasafin ƙaramar hukuma duk shekara huɗu, a haɗa da batirin da ke riƙe wuta. Mai sayen kwamfutar gwanjo ya sa mai gyara ya duba masa awannin da faifan ya yi yana aiki, domin faifan na ƙidaya su da kansa.

Kundin rajista na takarda kuma kada a yi watsi da shi. A ci gaba da cika shi da hannu, a tsare shi daga gara da yoyon damina, domin ranar da faifai ya fara ƙas-ƙas ya ƙi buɗewa, a cikinsa ne sakatare zai nemo sunan yaron da jarrabawa ke jira.