Daga Zauren Malam: Yaran Nan Masu Sa Hoto Tafiya

A wannan wata muna so mu yi magana bisa wani abu da dattawa ke kuka da shi a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa, watau samarin nan namu da ke kwana gaban kwamfuta suna jujjuya wani akwati mai ruwan toka, in an tambaye su sai su ce sana'a suke koyo. Waɗansu iyaye sun ce wasan 'yar tsana ne. Waɗansu kuwa an roƙe su kuɗin sayen inji, sun rasa ko su bayar ko su hana. To, mun zauna da masu koyon abin sun nuna mana, mun ga ya kamata mu bayyana shi, don uba ya iya rarrabe yaron da ke koyo da wanda ke ɓata wuta.

Da fari dai a sani hoton silima ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa, a riƙa wucewa da su da sauri, guda 24 cikin kowane sakan, har ido ya ɗauka abu guda ne ke tafiya. Ku da kuka saba da lissafi ku buga: minti guda hotuna 1,440 ke nan. A zamanin da ake zana su da hannu, kamar lokacin da kamfanin Disney na Amurka ya fito da dogon fim ɗinsa na farko a 1937, gwanin zane ba ya zana su duka. Shi yakan zana inda motsi ya fara da inda ya tsaya, sa'an nan yaran gida su cike tsakani. Waɗannan hotuna na gwani su Turawa ke kira kifirem. Mu a nan za mu kira su zango, domin babu wanda ya fi mu sanin ma'anarsa.

Ai kakanninmu da suka taso daga Kano zuwa Salaga neman goro, madugu ba ya ƙidaya wa ayari taki. Abin da yake yi shi ne ya ce ran kaza za a kwana wuri kaza, ran kaza kuma wuri kaza. Tafiyar da ke tsakani ta jakuna ce da masu kora. To, haka aikin yaran nan yake, yaro shi ne madugu, kwamfuta ita ce ayari.

Manhajar da muka gani a hannunsu sunanta Blender. Wani mutumin Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙago ta. Da kamfaninsa ya karye, sai masu son ta suka yi karo-karo a 2002, suka tara yuro 100,000 cikin mako bakwai, suka fanso ta, aka sake ta kyauta ga kowa. Saboda haka duk yaron da ya ce a ba shi kuɗin sayenta, a dube shi da kyau. Kada kuma a raina ta don kyauta ce. Da ita wani saurayi ɗan ƙasar Latbiya, Gints Zilbalodis, ya yi fim ɗin Flow, labarin wata kyanwa cikin ambaliya, wanda ya ci kyautar Oska a Amurka a 2025.

In an buɗe ta, akwatin nan ne a tsakiya, a ƙasa kuma ga wani layi mai lambobi daga 1 zuwa 250, watau sakan goma da 'yan kai. Yaro ya tsaya a kan lamba 1, ya ajiye akwati a hagu, ya danna harafin I na boko. Ya kafa zango ke nan. Sa'an nan ya matsa zuwa lamba 48, ya ja akwati zuwa dama, ya sāke danna I. In ya kunna, sai akwati ya taso daga hagu ya isa dama cikin sakan biyu, hotuna 46 na tsakani kuwa inji ne ya yi su. Abu uku ake fara kafa wa zango: wurin da abu yake, da juyawarsa, da girmansa. Galibin masu koyo kan ja akwatin su mance ba su danna ba, da sun matsa sai ya koma inda yake, kamar almajirin da ya wanke allo bai haddace ba.

Wannan duka yaro mai kai ya iya shi tsakanin azahar da la'asar. Inda aikin yake shi ne gaba, gama inji bai san nauyi ba. Shi al'adarsa, in an ba shi zango biyu, sai ya tashi a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sauka a hankali. Ga mota mai tashi daga tasha zuwa tasha, wannan daidai ne. Amma a ce goro ne ya suɓuce daga kan faifai, sai ka ga yana rage gudu kafin ya taɓa ƙasa, sai ka ce da igiya ake sauko da shi. Kowace mai talla ta san ba haka goro ke faɗuwa ba. Abin da ya faɗo ƙara gudu yake yi: in ya ci taki ɗaya a lokaci na farko, zai ci uku a na biyu, biyar a na uku, har ya bugi ƙasa ya yi tsalle, kowane tsalle kuwa bai kai na gabansa ba. Akwai wani shafi cikin manhajar inda tafiyar ke fitowa kamar lanƙwasasshen zare, a nan yaro ke kama zaren yana miƙar da shi ko yana tanƙwara shi har motsin ya yi kama da gaskiya. Don haka ne masu koyar da sana'ar ke fara ba ɗalibi ƙwallo mai tsalle, kamar yadda mu ke fara ba yaro babbaƙu kafin farfaru. Ƙwallon roba da dutsen niƙa daga wuri guda za su faɗo, a wuri guda za su sauka, amma mai kallo ya san wanne ne wanne tun daga yadda suka bugi ƙasa. Wanda bai taɓa tsayawa ya dubi yadda abu ke faɗuwa ba, ko an saya masa injin da ya fi na kowa tsada, ba zai fid da wannan ba.

Mun san dattawa za su ce ina batun sura? Lalle tambaya ce mai nauyi, ba mu kuwa wuce ta da wasa. Abin da ba shi da rai, kamar akwati da mota da kwalla da harafi, malamai ba su hana zana shi ba. Mai rai shi ne wurin magana. A mazhabarmu ta Malikiyya an tsananta ga sura cikakkiya mai jiki mai inuwa, watau gunki, wadda ke shimfiɗe a kan takarda kuwa hukuncinta bai kai nan ba. Malaman zamani sun saɓa a kan zanen da ake yi don koyar da yara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ga limaminsa, amma ya sani yaro na iya cin abinci da sana'ar nan bai zana ko ƙuda ba. Mai sayar da atamfa yana son a nuna turmi na warwarewa, mai shinkafa yana son buhu ya juya sunan shagonsa ya fito, a aika wa abokan ciniki ta WhatsApp. Yau in ɗan zango bai iya ba, wani za a biya.

Mu kuma masu allo muna da namu kwaɗayin. Yaro kan ga harafi a gama, bai ga inda alƙalami ya faro da inda ya ɗaga ba. Da zango biyu ana iya sa harafin ya riƙa fitowa kaɗan kaɗan daga dama zuwa hagu. Sai dai a rubuta shi da tawada a ɗauki hotonsa, domin haruffan cikin inji galibi na gabas ne, namu kuwa fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo guda a sama. Abu guda muke roƙo, kada a ɗauki ayar Alƙur'ani a sa ta tsalle ko juyi don ƙawa. A yi gwaji da ajami da sunayen kaya.

Uban da aka roƙa kuɗin inji, shawararmu kada ya yi gaggawa. Akwati da ƙwallo ba su bukatar inji mai tsada, na aro ma ya isa. Ya ba yaro wata guda, sa'an nan ya ce a nuna masa sakan goma: ƙwallo ya faɗo, ya yi tsalle uku, ya gangara ya tsaya. Ya kuma ce a mai da shi dutse. In yaron ya buɗe shafin zaren nan ya gyara a gabansa, to, a taimake shi, a kuma ja kunnensa ya riƙa adana aikinsa a kai a kai saboda ɗaukewar wuta, ya tashi in an kira salla. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.