A Riƙa Karrama Masu Buɗe Wa Makafi Ƙofar Jami'a

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin shugabannin jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan game da yadda ake raba lambobin yabo a ranar bikin yaye ɗalibai.

Kowa ya san yadda abin yake. Da lokacin bikin ya zo sai a ɗauko attajiri ko ɗan siyasa, a sa masa babbar riga da hula, a ce an ba shi digirin dakta na girmamawa. Abin ya yi yawan da a shekarar 2012 su kansu shugabannin jami'o'in suka taru a Keffi, suka yi yarjejeniya cewa a daina bai wa masu riƙe da muƙamin gwamnati irin wannan digiri. To amma shi wanda ya ɗauki ɗan talaka ko makaho ya kai shi har cikin aji, wa ke tunawa da shi?

Ga misalin irin aikin da nake nufi. A shekarar 2017 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman domin makafi da sauran masu nakasa, ta naɗa Farfesa Peter Okebukola ya shugabance shi. Dalili kuwa, jarrabawar ta koma ta kwamfuta, kuma makaho ba ya ganin abin da ke kan allon. Sai kwamitin ya ware cibiyoyi a wasu garuruwa, har da Jami'ar Bayero ta Kano, inda ake karanta wa ɗalibi tambaya da baki, shi kuma ya ba da amsa da rubutun makafi ko da na'urar da ya saba da ita. Hukumar ta kuma ɗauki nauyin masauki da abinci da kuɗin mota na ɗalibin da ɗan jagoransa.

Jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uban da ke ƙauye, wanda da ƙyar ya haɗa kuɗin fom, ina zai samo na motar mutum biyu da kwanan birni? Sau da yawa ba rashin ƙwaƙwalwa ke dakatar da yaro ba, rashin waɗannan 'yan kuɗin ne.

Ba wai na ce hukumar ba ta da laifi ba. A shekarar 2025 an samu tangarɗar na'ura da ta sa aka nemi ɗalibai kusan 380,000 su sake rubuta jarrabawa, shugaban hukumar kuma ya fito ya nemi afuwa. Wannan daban, wancan daban, laifin ba ya goge alherin.

Sai dai cin jarrabawa rabin tafiya ne. In yaro ya shiga makaranta, wa zai karanta masa littafi? Gurgu mai keke yaya zai yi da ajin da ke saman bene? Kurma wa zai fassara masa lacca da hannu? A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Amma doka takarda ce, sai an samu mutum a cikin makarantar da zai tsaya kai da fata a yi aiki da ita. Irin wannan mutum shi ya cancanci a kira sunansa a gaban taro, ko malami ne, ko akawun ofishin rajista, ko ɗalibin da ya shekara huɗu yana karanta wa abokinsa makaho takardu ba ko sisi.

Wani zai ce ai mai aikin Allah ba ya neman yabo. Haka ne, amma yaba kyauta tukuici. Kuma duk abin da shugabanni suka ɗaga, shi na ƙasa za su yi rububin yi. In ƙaramin ma'aikaci ya ga mai kuɗi kaɗai ake tafa wa, ya gane inda aka dosa.

Don haka ina ba da shawara uku. Na ɗaya, kowace jami'a da kwaleji ta ware lambar yabo ɗaya a bikin yaye ɗalibai domin wanda ya fi taimakon nakasassu da marayu da 'ya'yan talakawa. Na biyu, ɗaliban da abin ya shafa su ne za su kawo sunaye, kada a mayar da ita ta 'yan uwa da abokai. Na uku, a faɗi aikin a fili: ɗalibi nawa aka ɗauka, nawa suka gama.

Mu ma mutanen karkara da 'yan kasuwa akwai namu. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ga ta Tudun Maliki a Kano, ga kwalejin horon malaman nakasassu a garin Oyo. A Jami'ar Bayero, Jibrin Isa Diso, makaho ne, ya kai matsayin Farfesa. Saboda haka miƙa wa yaro makaho ƙoƙon bara ba shi ne kaɗai mafita ba. Ƙungiyoyin kasuwa da ke tara kuɗin sati za su iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya daga garinsu, masu unguwanni da dagatai kuma su yaba wa wanda ya yi hakan a bainar jama'a.

Allah Ya sa shugabanninmu su ji, su kuma gyara, amin.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
daga Kano.